Baffa Bai Ci Komai Ba

Daga Allah muka fito, gare Shi muke komawa, kowa da ranar da aka yanka masa. Ranar Baffa, yayan mahaifina, ta zo lokacin da shinkafa ta sunkuyar da kai a fadamar Zauro, ana shirin yanka. Saƙo ya same ni a makaranta a Sakkwato. Kafin motarmu ta iso Birnin Kebbi an riga an kai shi makwancinsa. Abin da na tarar shi ne tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, da takalma jibge a gefe, da mutane suna magana ƙasa-ƙasa.

Na durƙusa na gaisa, na nemi gefe na zauna. Kusan duk wanda ya zo, bayan ya shafa addu'a, sai ya sa wa ciwon suna.

"Basir na," in ji wani maƙwabcinmu. "In ya daɗe ga mutum haka shika yi, shi shanye shi."

Kawu, ƙanen matar Baffa, wanda ya zo daga Argungu, ya girgiza kai. "Basir ba shi rame mutum haka. Ni na gan shi da salla, wuyanai awa mariƙin lema."

Liman ya ce, "Ku bari. Wa'adi na, ba shi da wani suna."

Mutum ɗaya ne bai sa wa ciwon suna ba, shi ne Mai Kwano. Bayarabe ne, yana da shagon kwanuka a kasuwar Birnin Kebbi tun kafin a haife ni, kuma Baffa ba shi da amini kamarsa. Ya zauna a bakin tabarma yana kuka da sauti, abin da dattawanmu ba sa yi a gaban jama'a. Liman ya dafa shi ya ce addu'a mamaci yake so, ba hawaye ba.

"Malam, na sani," in ji Mai Kwano. "Idona ne bai sani ba."

A cikin gida na sami Inna, matar Baffa, zaune a ƙofar ɗakinta, mata sun kewaye ta. Ba ta kuka. Da na yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ka iso? An ba ka ruwa?" Ta juya ta tambayi wata ko an kai wa mutanen Argungu nasu.

Da na koma waje ne na lura da Baba, mahaifina. Shi ke karɓar gaisuwa, amma bai cika zama ba. Zai amsa wa mutum biyu ko uku, sai ya miƙe ya ɗauki buta ya zagaya bayan gida, ya dawo ya zauna a hankali, yana dafa ƙasa. Da yamma na tambayi mahaifiyata a madafi abin da ke damun Baba. Ta ci gaba da iza wuta, ba ta dube ni ba.

"Jini na," ta ce. "Tun farkon damina. Ya ce basir na, ya sawo magani ga mai mota da lasifika."

Haka na Baffa ya fara. Kuma ina tsaye a wurin lokacin da likitan da ya yi wa Baffa aiki na ƙarshe ya ce wannan ciwo yakan bi jini, ya kamata a duba 'yan'uwansa tun da wuri. Na san abin da ya kamata a gaya wa Baba. Sai dai ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, in ya kama dole sai ya ce "wancan" ko "mutumin ga". Ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, balle in buɗe baki in yi masa maganar abin da yake gani a bayan gida. Duk maganar da ta taɓa shiga tsakanina da Baba, Baffa ne ya ɗauke ta ya kai. Shi ne kuma muka zauna makokinsa.

Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, don haka bari in faɗi wane ne.

Baffa gajere ne, mai faɗin ƙirji, tafin ƙafarsa duk faso saboda lakar fadama. Da damina shinkafa, da rani albasa. Bai yi boko ba, karatun allonsa ma bai yi nisa ba, amma ban ga wanda ke sauraren kalma kamarsa ba. In ka gaishe shi ka ce, "Baffa, ina gajiya?" sai ya ce, "Tana ɗaki, in kira maka ita?" In yaro ya zo ya ce Inna na kira, sai ya ce, "Kira taka yi, ko kirana taka yi?" Yaron ya tsaya yana zare ido, shi kuwa yana dariya har da buga cinya.

Wanda ya fi shan wannan hali shi ne Mai Kwano. An ce farkon zuwansa garin, ya taɓa cewa ya ci rake. Baffa bai bar maganar nan ba har ya mutu.

"Bayarabe, yau ka ci rake?"

"Bakabe, ka ƙyale ni, ina ciniki."

"Rake shan shi aka yi. Mangwaro shan shi aka yi. Wahala ma shan ta aka yi, kai kam ka sani, tun da kaz zo garin ga."

"Wahalar da na sha ai kai ne."

A bencin shagon nan Baffa ya koya masa abin da ake ci da abin da ake sha, har Hausar Mai Kwano ta fi ta wasu 'yan gari tsabta. Shi kuma ya koya wa Baffa cin goro da barkono, abin da Inna ba ta taɓa yafe masa ba.

Ina ƙarami akan tura ni tsaron tsuntsu a gonar shinkafa. Ni kuwa in na hau rumfar tsaro da littafi, ko jan-baki sun cinye gonar ba zan sani ba. Baffa ya kama ni ba sau ɗaya ba. Bai taɓa ƙwace littafin ba. Sai ya tsaya a ƙasa ya riƙa jan igiyar gwangwanaye yana ihu a madadina, in mun koma gida ya ce wa Baba, "Mutumin naka da ido shika koran tsuntsu, ko motsi ba shi yi."

Game da ni da Baba yana da wata magana. Yakan ce, "Kunyar gona tsallake ta aka yi, ta mutum sai an zagaya." Shi ne mai zagayawar. Lokacin da na gama sakandare, Baba yana so in kama aikin akawu a gari, ni kuwa ina so in wuce. Baffa bai roƙe shi ba. Ya je ya zauna a zaure ya ce shi dai a ganinsa kada a bar yaron nan ya tafi Sakkwato, ba zai iya ba, ƙwaƙwalwarsa irin ta gidanmu ce. Baba ya fusata, ya ce wa ya ce ba zai iya ba. Da safe aka ce in shirya kayana.

"Babanka," in ji Baffa da yake raka ni tasha, "awa jaki bisa gada shike. In kana son shi ƙetare, ja shi baya."

Sau ɗaya na san sun yi faɗa na gaske. Wata shekara Baffa ya ce kada a shuka gonar gangare, gulbi zai cika. Baba ya shuka. Ruwa ya zo ya shafe ta. A gaban mutane, a bakin masallaci, Baffa ya ce, "Ai na hwaɗi." Kalmar nan kaɗai. Baba ya daina cin tuwo da shi, su da tun suna yara akushi ɗaya suke sa hannu. Aka yi makonni. Daga baya Baffa ya riƙa ɗaukar akushinsa da almuru ya je zauren Baba, ya juya masa baya ya zauna, ya riƙa ci yana ba akuyar da ke ɗaure a wurin labari. Yana gaya mata yadda wani tsoho mai dogon baki ya ɓata wa ƙanensa rai, ga shi yanzu miya ba ta yi masa daɗi. Ran nan dai Baba ya kasa riƙe dariya, ya jawo akushin. Tun daga lokacin ban ƙara jin Baffa ya ce wa kowa "na hwaɗi" ba, ko da ya faɗa ɗin.

Wurin ajiyar albasa kuma ba ya yarda da kowa. In an shimfiɗa ta a rumfa, shi da kansa yake bi yana ɗaga kowace yana juyawa. Masu taya shi sukan gaji su ce ai daga sama ana ganin lafiyarta lau. Sai ya ce, "Ruɓaɓɓa ba ta zama bisa. Ƙarƙashin 'yar'uwatta taka laɓewa."

Ciwon ya fara masa shekaru kaɗan da suka wuce. Jini kaɗan, ba zafi. Ya ce basir ne, kowa ma ya ce basir ne, don a wurinmu duk abin da ya fito ta nan sunansa ke nan. Ya sha saiwoyi, ya sha jiƙo, ya yi zaman ruwan ɗumi. Mai Kwano ne ya tsaya masa a wuya. Yana da 'yar ƙanwa mai aikin jinya a wani babban asibiti a kudu, ta gaya masa an kawo wata na'ura, dogon bututu mai laushi da fitila a baki, ana zura shi a hanji likita ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Mu a nan ba mu da labarin akwai irinta kusa. Baffa ya ce shi ba buhu ba ne da za a zura masa abu a duba. Mai Kwano ya ce to daga yau kada ya ƙara zama a bencinsa. Ya kuwa ɗauke bencin ya shigar cikin shago. Baffa ya zo ya tsaya a rana sau biyu, a na uku ya ce a nemo mota.

Su uku suka tafi, da shi da Inna da Mai Kwano. Suka dawo da murna. Likita ya ga wani ɗan tsiro a kusa, mai kamar kan nono a bisa siririn wuya, ya zarge shi da waya ya cire. Ya ce shi ne mai zubar da jinin, kuma irinsa in an bar shi yakan rikiɗe ya zama ciwon daji. Ya ƙara da cewa can ciki bai gani sosai ba, hanjin bai wanku ba, don haka a dawo bayan 'yan watanni a sake dubawa. A sake a lokacin bai yiwu ba, na'urar ɗaya ce, mutane kuma suna jira.

Jini ya tsaya. Baffa ya yi ƙiba, ya koma gona. In an yi masa maganar komawa sai ya ce, "Wanda yaw warke mi za shi nema asibiti, gaisuwa?" Damina ta zo, rani ya zo, wata daminar ta zo. Maganar ta mutu.

Bara ne ya fara rama. Ciki ya riƙa kumbura, bayan gida ya riƙa gagara. Da aka kawo shi Sakkwato ni na riƙa tsayawa tsakaninsa da likitoci. Sun buɗe shi, suka tarar abin ya girma can ciki, ya kama hanta. Suka yi abin da za su iya don ya sami sauƙi, suka rufe. Da ya farfaɗo ya tambaye ni me suka ce. Na tsaya ina neman kalma.

"Bari," ya ce. "Kai ba ka iya zagaye ba. Huskarka ta hwaɗi."

A watannin nan na shiga ɗakin karatu na makarantarmu na nemi duk abin da zan iya fahimta a kan wannan ciwo. Ba likitanci nake karanta ba, na sha wuya da kalmomin, amma na gane abubuwa kaɗan. Ciwon ba ya faɗowa rana ɗaya. Yana farawa ne da ɗan tsiro, ya yi shekaru yana zaune shiru, kuma in an gan shi a wannan lokaci aka cire, an gama. Hanji kuwa ba miƙaƙƙe ba ne, lanƙwasa ne da ninki, wasu tsiron kuma ba su da wuya, a shafe suke da bango, suna laɓewa a bayan ninki. Sai likita ya janyo bututun a hankali, yana leƙa bayan kowane ninki, kamar yadda Baffa ke ɗaga albasa. Amma duk haƙurin likita ba ya amfani in hanjin bai wanku ba. Shi ya sa kafin a duba mutum ake ba shi maganin wankin ciki, a kuma hana shi komai sai ruwa garai, irin wanda in ka zuba a kofin gilashi kana hango ƙasansa.

Na karanta wannan, na yi ta tambayar kaina me ya hana cikin Baffa wankuwa. Amsar ta zo mini a zaman makoki, ranar sadakar uku, daga bakin Mai Kwano, shi kuwa yabo yake yi.

Hawayensa sun tsaya a ranar, ya shiga ba da labarin tafiyarsu. Ya ce Baffa ya ƙi sauka gidan 'yan'uwansa, shi Mai Kwano, wai ba zai ci tuwon da ke manne wa mutum a hannu ba, sai aka kai su zango wurin Hausawa. Ya ce da likita ya yi bayani da Turanci, shi ya fassara.

"Na ce masa, Bakabe, likita ya ce daga yau kada ka ci komai, sai abin sha kawai. Kun san shi da gardama. Wallahi bai yi ba. Mutumin da ba ya wasa da tuwo, ko loma bai kai baki ba. Maganin nan mai ɗaci ya shanye shi tas. Da likita ya tambaye shi, ka ci wani abu? Ya ce ban ci komi ba. Ni shaida ne. Fura kawai Inna take dama masa, safe da rana da yamma, don kada ya galabaita."

Mutane suka ce Allah Sarki, Allah ya jiƙansa. Kawu ya ce ai 'yar'uwarsa wurin damu ba ta da na biyu, furarta sai ka sa ludayi ya tsaya.

Na zauna ina kallon tabarma. Fura dai gero ce, da dusarta da tsakinta, ga nono. Amma ba wanda ya taɓa cin fura a ƙasar Hausa, shan ta ake yi. Mai Kwano ya fassara daidai, da Hausar da Baffa ya koya masa. Baffa ya bi umarni daidai. Likita ya yi tambaya, an ba shi amsar gaskiya. Inna ta yi abin da kowace mace za ta yi wa mijin da aka hana tuwo a baƙon gari. Na duba ko'ina ban ga wanda zan ɗora wa ba.

Dole in faɗi iyakar abin da na sani. Ba ni da tabbacin cewa abin da ya kashe Baffa yana nan a ranar da aka leƙa. Littattafan sun ce ko a hanji mai tsabta ido yakan tsallake wani. Kuma da ya koma kamar yadda aka ce, da wataƙila an gani. Amma likita ya ce bai ga can ciki ba, kuma can cikin ne abin ya fito.

Na bi ta hannun mahaifiyata tukuna. Ta gaya wa Baba cewa likitan Sakkwato ya ce a duba 'yan'uwa. Ya ce ta kula da tukunyarta. Na je shago na sami Mai Kwano, ban yi masa maganar fura ba, na dai roƙe shi ya yi wa Baba irin abin da ya yi wa Baffa. Ya ce zai gwada, amma Baba ba ya zama a bencinsa, ba shi da abin da zai ɗauke masa. Ya gwada ɗin. Baba ya yi masa godiya, ya raka shi har bakin hanya, shi ke nan. Na yi tunanin dabarar Baffa, a ja shi baya don ya yi gaba. Amma wannan sai wanda ya isa ya zauna kusa da shi ya tsokane shi, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ya isa.

Ana gobe zan koma makaranta, da hantsi, Inna ta aika a kira Baba, ta ce ni ma in zo. Tana cikin takaba, ba ta fita, don haka mu muka je. Baba ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakinta, ni na tsuguna nesa, wajen randa. Ita ce ta yi renon Baba bayan rasuwar kakarmu, tana amarya shi yana yaro, saboda haka tana iya gaya masa abin da wani ba zai iya ba.

"An ce mani kana zubda jini," ta ce.

Baba ya dubi ƙasa. "Basir na, Inna."

"Shi ma haka yac ce."

"To, shi da yat tai, mi anka yi? An kai shi wata ƙasa, an tuɓe shi gaban ɗiyan mutane, an zura mashi ƙarhe. Ya dawo, ga shi mun rufe shi. In na'urar na gani, mi ya hana ta gani? Ni a bar ni in mutu da suturata."

Amsar tana bakina. Na san ba na'urar ce ta kasa ba. Amma in na faɗa, a gaban Inna zan faɗa, matar da ko mako ba ta yi da rasa miji ba, in ce mata abin da ta dama da hannunta ne ya rufe wa likita ido. In kuma na yi shiru, Baba ya tashi da hujjarsa. Ban taɓa yi wa Baba magana kai tsaye ba, ban kuma san ta inda ake farawa ba.

Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta mai da ido kan Baba.

"Hurata ta," ta ce.

Baba ya ɗago.

"Hurar da nid dama mashi. Ba a sha. Ruwa garai aka sha, shi kaɗai. Ba mu sani ba. Sai da munka hito, muna jiran mota, wata mata 'yar Zariya da anka yi ma mijinta irin aikin tac ce mani, ke ko kin ba shi wani abu? Nic ce hura kaɗai. Tad dahe kai."

"Shi ya sani?" in ji Baba.

"A mota nig gaya mashi. Yay yi dariya har yana tari. Yac ce to ai likita bai ce kak in sha ba. Sannan yac ce in rufe bakina, kak Bayarabe shi ji, don shi yaf fassara, in ya ji ba shi ƙara barci. Na roƙe shi mu koma. Kowace shekara ina roƙo. Shi ce wane, ya warke." Ta gyara mayafinta, ta nuna ni da baki. "Wancan ya sani. Tun shekaranjiya nig ga huskatai da yas shigo gida, bayan Mai Kwano ya ba da labari, ina jin su ta katanga. Ya karanta abin. Kunya ta hana shi, da tausaina."

Kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da ƙafar Baba, bai kore ta ba.

"Ni ban iya karatu ba," in ji Inna. "Abin da nis sani, na'urar ba ta yi ƙarya ba, cewa tay yi ba ta gani ba. Kai in ka tashi zuwa, ba ni dama maka komi. Matarka ma ba ta damawa. Ka sha yunwa, su duba ka da kyau. Na rufe guda, ban iya rufe na biyu."

A nan ne muryarta ta karye, karo na farko tun da na zo.

Na saci kallon Baba. Na ga yana murza yatsun hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya juyo wajena ba, "Mutumin ga, haka abin yake cikin takarda?"

"Haka yake, Baba," na ce. Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa.

Ya gyaɗa kai. Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce wa Inna masu yanka suna jiransa a fadama, rana na yi. Ya ɗauki lauje a jikin danga. Har ya kai ƙofa sai ya tsaya, ya ajiye laujen, ya dawo ya ɗauki buta.

Washegari na koma Sakkwato. Kafin in tafi na tambayi Inna ko in rubuta wannan, ta ce in rubuta, ko wata ta ji ta bar mijinta da yunwa. Mai Kwano kuwa ita da kanta ta aika aka kira shi ta gaya masa maganar furar, ta ce amanar da Baffa ya ba ta ta mai rai ce, mai ita ya tafi. An ce ya rufe shago ranar.

Yanzu an gama yanka, an gama sussuka. Duk wanda ya zo daga gida nakan je tasha in tambaye shi. Suna cewa Baba lafiya lau, yana ta shirin albasa, sai dai ya ɗan faɗa. Ba wanda ya ce mini an nemi mota.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya sa iyakar wahalarsa ke nan. Ya ba Inna haƙuri. Baba kuma, ya Allah, ga shi nan a hannunka. Mai kai masa maganata ya riga ya zo wurinka.